Konstantin Tishendof, Wanda ya Bi Sawun Littafi Mai Tsarki har Dutsen Sina'i

Akwai wata tambaya wadda mai bin Yesu Kristi ba ya rasa gamuwa da ita, ko a kasuwa, ko a zaure, ko kuwa cikin zuciyarsa da dare. Tambayar ita ce, wannan Littafi da ke hannunmu shi ne wanda annabawa da manzanni suka rubuta, ko kuwa an sake shi a hanya? Gama takardun da manzanni suka rubuta tun farko ba su wanzu ba. Abin da ya iso gare mu juyi ne daga juyi, kuma an yi shekara wajen 1,400 ana juya Sabon Alkawali da alƙalami da tawada kafin a sami injin buga littattafai. Duk wanda ya taɓa juya ko da shafi ɗaya ya sani hannu ya kan kuskure, ido kuwa ya kan tsallake layi. Sabo da haka tambayar ba abin rainawa ba ce, domin idan Littafin ya sake, to, ba mu san abin da Ubangiji ya faɗa ba ke nan. Ga labarin wani malami Bajamushe wanda ya ba da dukan kwanakinsa domin a amsa wannan tambaya da shaida wadda ido zai gani, hannu kuma ya taɓa.

Ƙuruciyarsa da karatunsa

An haifi Konstantin Tishendof ran 18 ga watan Janairu, 1815, a wani ƙaramin gari mai suna Lengenfeld, cikin ƙasar Saksoni ta Jamus. Ubansa likita ne. Tun yana yaro ya ƙware a Latinanci da Helenanci, watau harshen da aka rubuta Sabon Alkawali da shi. Cikin 1834 ya shiga jami'ar birnin Laifzig, ya zauna gaban wani shaihun malami mai suna Winer, wanda ya shahara wajen sanin nahawun Helenanci na Sabon Alkawali.

Zamanin nan kuwa zamanin shakka ne a makarantun Jamus. Cikin 1835 wani malami mai suna Dauda Strauss ya fitar da littafi a kan rayuwar Yesu, inda ya mai da al'ajiban Ubangiji tatsuniyoyi waɗanda mutanen baya suka ƙaga. Wani kuma mai suna Baur, na jami'ar Tubingen, ya koyar cewa ba manzo Yohanna ya rubuta Bisharar da ke da sunansa ba, wai an rubuta ta ne can cikin ƙarni na 2, bayan dukan waɗanda suka ga Yesu da idonsu sun mutu. Samari da yawa suka shiga makaranta da bangaskiya, suka fita babu ita.

Tishendof ya ga gardamar baki ba za ta raba wannan magana ba. Ya lura kuma da wani abu. Sabon Alkawali na Helenanci wanda a ke bugawa a Turai a lokacin, asalinsa daga aikin wani malami ne mai suna Irasmus, wanda ya buga nasa cikin 1516. Irasmus kuwa ya yi aikinsa da kundaye kaɗan ne, yawancinsu kuma an juya su fiye da shekara 1,000 bayan manzanni. Sai saurayin nan ya ƙudura a ransa zai nemi kundaye mafiya tsufa da suka ragu a duniya, ya karanta su harafi harafi, ya buga su domin kowa ya gani, a gwada su da Littafin da ke hannun ekklisiya. In akwai sauyi, a san shi. In kuwa babu, bakin masu shakka ya mutu.

Littafin da aka wanke

Cikin watan Oktoba, 1840, yana da shekara 25, ya tashi zuwa birnin Faris da ɗan guzuri wanda bai taka kara ya karya ba. Ya riƙa yi wa waɗansu malamai aikin juyi domin ya sami abin da zai ci. Abin da ya kai shi kuwa wani kundi ne da ke ɗakin littattafan birnin, wanda a ke kira Kundin Ifraimu.

Ga yadda kundin nan ya ke. A zamanin dā a kan fata a ke rubutu, fatar rubutu kuwa tana da tsada ƙwarai. Cikin ƙarni na 5 waɗansu marubuta suka juya Littafi Mai Tsarki a kan fatun nan. Da aka kai ƙarni na 12, wani ya bukaci abin rubutu, sai ya wanke tsohon rubutun ya kankare, kamar yadda almajiri ya kan wanke allonsa, ya rubuta wa'azin wani malamin Suriya mai suna Ifraimu a bisa. Amma wanda ya san allo ya sani tsohon rubutu ba ya ɓacewa sarai, ya kan bar inuwarsa. Malamai da yawa sun gwada karanta inuwar nan, suka tsinci kaɗan, suka bari.

Tishendof ya zauna a kan fatun nan shekara 2, ganye 209, yana ɗaga ko wanne ga hasken rana, yana tsintar haruffa ɗaya ɗaya daga ƙarƙashin rubutun baya. Allah kuwa ya ba shi kaifin ido da haƙuri. Cikin 1843 ya buga abin da ya karanta na Sabon Alkawali, cikin 1845 kuma na Tsohon Alkawali. Masu iya magana sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse. Daga nan sunansa ya fita cikin malaman Turai duka.

Ya ci gaba da yawo, ya shiga ɗakunan littattafai na Holan, da Ingila, da Suwizalan, da Italiya. A birnin Roma akwai wani tsohon kundi na ƙarni na 4 a fadar Paparoma, wanda a ke tsaronsa ƙwarai. Bayan ya yi watanni yana jira, cikin 1843 aka bar shi ya dube shi sa'a 6 kaɗai. Sai hankalinsa ya koma Gabas, gama a can aka fara wa'azin Bishara, a can kuma busasshiyar iskar hamada ba ta ruɓar da fata.

Tafiya ta fari zuwa Sina'i

Cikin 1844 ya sauka Masar. Ya ziyarci gidajen sufaye na Kibɗawa da ke cikin hamada, sa'an nan ya hau raƙumi daga Alƙahira, ya yi tafiyar wajen kwana 12 zuwa gindin Dutsen Sina'i. A nan akwai gidan sufaye Kirista wanda a ke kira da sunan Katarina, wanda Sarkin Rum Justiniyan ya gina cikin ƙarni na 6. Gidan yana da ganuwa mai tsawo kamar birni, a zamanin nan kuma da igiya a kan jawo baƙo sama ta wata taga, sabo da tsoron mahara. Tun da aka gina shi ba a taɓa rushe shi ba, har wa yau sufaye suna zaune ciki suna sujada.

Cikin watan Mayu na shekaran nan ya ga waɗansu ganyayen fata manya manya, guda 129, da rubutun Helenanci na Tsohon Alkawali a kansu. Da ganin ƙirar haruffan ya gane bai taɓa riƙe abin da ya fi su tsufa ba. Bisa ga nasa labari, cikin wani kwando ya same su, mai tsaron littattafai kuma ya gaya masa an riga an zuba kwando biyu irinsa a wuta. Sufayen Sina'i ba su yarda da wannan labari ba. Sun ce a kwando su kan ajiye tsofaffin ganyaye, ba domin a ƙone ba. Malamai da yawa a baya sun goyi bayansu, suna cewa fata ba ta cin wuta sosai, kuma shekara guda bayan haka, cikin 1845, wani malamin ekklisiyar Rasha mai suna Uspenski ya ga kundin ajiye a gidan. Ba wani mashaidi ga zancen kwandon sai shi Tishendof kaɗai.

Abin da ya tabbata shi ne, an ba shi ganye 43, waɗanda ke ɗauke da sassa daga Irmiya, da Nehemiya, da Esta, da waɗansu littattafai. Sauran 86 kuwa aka hana shi, gama zumuɗinsa ya nuna wa sufayen darajar abin da ke hannunsu. Ya kai ganyayen Laifzig, ya buga su cikin 1846 da sunan Sarkin Saksoni wanda ya taimake shi da kuɗin tafiya. Amma ya ɓoye inda ya samo su, domin kada wani ya riga shi komawa.

Cikin 1845 ya auri 'yar wani fasto, Allah kuwa ya ba su 'ya'ya 8. A shekaran nan kuma aka ba shi matsayin shaihun malami a jami'ar Laifzig. Duk da haka zuciyarsa tana can wurin ganyayen nan 86. Cikin 1853 ya sake hawan raƙumi ya koma Sina'i. Ba wanda ya iya gaya masa inda su ke. Abin da ya samu duka ɗan guntun fata ne mai layuka kaɗan daga Littafin Farawa. Ya komo gida yana zaton wani ya riga ya kwashe su.

Daren 4 ga watan Fabrairu

Cikin 1859 ya koma karo na uku, wannan karo da goyon bayan Sarkin Rasha, Iskandari na 2, wanda sufayen su ke gani kamar uban ekklisiyarsu. Ya yi kwanaki yana bincike bai ga kome ba, har ya sa a shirya raƙuma domin komawa. Ran 4 ga watan Fabrairu da yamma ya fita shan iska tare da ma'ajin gidan. Da suka komo, ma'ajin ya kira shi ɗakinsa domin ya ɗan sha wani abu. Suna cikin taɗin Tsohon Alkawali na Helenanci, sai ma'ajin ya ce shi ma yana da irinsa, ya miƙa hannu ya sauko da wani ƙunshi naɗe cikin jan ƙyalle.

Da Tishendof ya kwance ƙunshin, sai ga ganyayen nan 86 da ya bari shekara 15 da suka wuce, ga kuma waɗansu da yawa tare da su, jimlarsu duka 346 da rabi. A ciki akwai babban rabo na Tsohon Alkawali. Akwai kuma abin da bai taɓa sa rai ba, watau Sabon Alkawali cikakke, tun daga Matta har Ru'ya ta Yohanna, babu littafi ko ɗaya da ya ɓace. A ƙarshe kuma akwai littattafai biyu na Kiristan farko waɗanda ba sa cikin Littafi Mai Tsarki, Wasiƙar Barnaba da wani sashe na littafin Hermas. Ya roƙa aka bar shi ya kai kundin ɗakinsa. Daren nan bai runtsa ba, ya kwana gaban 'yar fitila yana juya Wasiƙar Barnaba, domin a ganinsa barci a irin wannan dare laifi ne.

Ya nemi a bar shi ya tafi da kundin Alƙahira inda zai sami mataimaka, amma ɗaya daga cikin dattawan gidan ya ƙi. Sai ya tafi Alƙahira da kansa wurin shugabanninsu da ke can, suka yarda, aka aiki wani Balarabe a kan taguwa, bai cika mako 2 ba ya komo da kundin. Aka riƙa ba Tishendof ganye 8 a lokaci guda. Ya sami Jamusawa biyu masu jin Helenanci, ɗaya likita, ɗaya mai sayar da magani, suka zauna cikin zafin Alƙahira suka juya layi 110,000 cikin wata 2.

Kamannin kundin

Wannan shi ne Kundin Sina'i. An rubuta shi wajen tsakiyar ƙarni na 4, watau fiye da shekara 250 kafin Hijira. Fatarsa ta maruƙa ce da ta tumaki, an jeme ta har ta yi laushi da sirantaka. Sa'ad da ya ke cikakke ganyayensa sun fi 700, an kuwa bukaci fatun dabbobi fiye da 300. Ko wane shafi an raba shi gida 4, ko wane gida layi 48, sai littattafan waƙa irin su Zabura, waɗanda aka raba gida 2. Da manyan haruffa aka rubuta shi, ba a raba kalma da kalma ba. Marubuta uku ko huɗu suka yi aikin. Har wa yau ba a sami cikakken Sabon Alkawali wanda ya fi shi tsufa ba.

Mai karatu ya tuna da abin da ya faru gaba kaɗan da rubuta shi. Cikin 303 Sarkin Rum Diyokiletiyan ya ba da doka a rushe majami'u, a tattara Littattafai Masu Tsarki a ƙone. Masu bi da yawa suka zaɓi mutuwa da su miƙa littattafansu. Ba a cika shekara 30 ba, wani Sarkin Rum, Konstantin, ya ba da umurni a juya masa Littafi Mai Tsarki guda 50 da kuɗin sarauta, domin majami'un sabon birninsa. Tishendof ya yi tsammani kundin nan ɗaya ne daga cikin 50 ɗin. Wannan ba a tabbatar ba, amma daga zamanin ya fito.

Rikici da zargi

Yadda kundin ya bar Sina'i labari ne mai nauyi, ba kuwa daidai ba ne a ɓoye shi. A lokacin sufayen sun zaɓi sabon shugaba, amma babban limamin Urushalima ya ƙi naɗa shi, suna kuwa bukatar mai goya musu baya. Tishendof ya ba su shawara su yi wa Sarkin Rasha kyautar kundin. Tun da ya ke ba shugaban da zai iya ba da kyautar, sai aka shirya a ba da shi aro. Cikin watan Satumba, 1859, Tishendof ya sa hannu a takarda cewa zai mayar da shi duk ran da aka nema. Cikin Nuwamba ya miƙa shi ga Sarkin Rasha. Kundin bai koma ba. Sai cikin 1869 wani sabon shugaban gidan ya sa hannu a takardar kyauta, Sarkin Rasha kuma ya ba da kuɗin ƙasarsa, rubul 9,000. Waɗansu malamai suna cewa takardar kyautar nan ta wanke Tishendof. Sufaye da yawa kuwa sun ɗauka an yi musu wayo ne a lokacin da ba su da ƙarfi, suka ajiye takardar aron suna nuna wa baƙi. Waɗanda suka san Tishendof kuma sun shaida mutum ne mai son yabo da lambobin girma, mai zafi wajen gardama. Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye laifin Dawuda ko na Bitrus ba, ba mu da dalilin mai da wannan mutum mala'ika. Allah ya saba yin aikinsa ta hannun mutane masu aibi.

Cikin 1862 aka gama buga kundin a Laifzig cikin manyan littattafai 4. An ƙera haruffan ƙarfe musamman masu kama da na marubutan dā, aka bi shafi da shafi, layi da layi, aka rarraba wa manyan ɗakunan littattafai. Tun daga ran nan, ko da wuta ta ci kundin, abin da ke cikinsa ba zai ɓace ba.

A shekaran nan kuma wani Bahelene mai suna Simonides ya rubuta wa wata jaridar Ingila cewa shi ne ya rubuta kundin da hannunsa wajen 1840. Mutumin nan gwanin ƙirƙira tsofaffin takardun ƙarya ne, Tishendof kuwa ya taɓa tona masa asiri cikin 1856. Malaman Ingila suka bincika. Suka ga hannun marubuta dabam dabam, da gyare-gyaren mutane na zamanai masu nisa da juna, da tawada wadda ta koɗe har aka sake bi ta kanta. Ba mutum ɗaya da zai iya ƙaga wannan duka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, maganar ta mutu.

Abin da kundin ya nuna

To, da aka gwada Kundin Sina'i da Littafin da ke hannun ekklisiya, me aka gani? An ga bambanci, kuma Tishendof bai ɓoye ko ɗaya ba. Shi da kansa ya ƙidaya gyare-gyare 14,800 waɗanda masu dubawa suka yi cikin rabon da aka kai Rasha. Galibinsu kuskuren harafi ne, ko kalma da aka maimaita, ko layi da aka tsallake aka mayar a gefe. Amma akwai manya kaɗan. A kundin nan Bisharar Markus ta ƙare a sura 16 aya 8, ayoyi 12 na ƙarshe ba sa ciki. Labarin macen da aka kama cikin zina, wanda ke Yohanna 7:53 zuwa 8:11, ba ya ciki. Kalmomin yabo da mu kan rufe Addu'ar Ubangiji da su ba sa cikin Matta sura 6. Shi ya sa cikin Littattafai da yawa da a ke bugawa yau a kan sa alama ko ɗan bayani a wuraren nan. Ba ɓoyo a ke yi ba, nunawa a ke yi.

Sai mu tambaya, wane abu na bangaskiya ya faɗi sabo da wannan? Babu. Cikin Kundin Sina'i Bisharar Yohanna ta fara da Kalman nan wanda ya ke Allah tun fil azal, ya kuma zama mutum. Cikinsa an gicciye Yesu a zamanin Bilatus, ya mutu, aka binne shi. Cikin Markus ɗin nan da ya ƙare a aya 8, matan sun tarar da kabari a buɗe, an kuma gaya musu ya tashi. Matta da Luka da Yohanna sun ba da labarin waɗanda suka gan shi da rai, Bulus kuma ya jera sunayensu cikin 1 Korinthiyawa sura 15. Bisharar da sufayen ƙarni na 4 suka karanta ita ce mu ke karantawa.

Ga kuma yadda a ke gane kuskure. Alƙali mai shaida ɗaya tilas ya karɓi abin da aka gaya masa. Alƙali mai shaidu da yawa daga garuruwa dabam dabam, waɗanda ba su haɗa baki ba, shi ke iya rarrabe gaskiya. Kuskuren da marubucin Masar ya yi, na Suriya bai yi shi ba, na Italiya kuma bai san da shi ba. Tun da wuri aka juya Sabon Alkawali zuwa Latinanci, da Suriyanci, da harshen Kibɗawa, daga baya kuma harshen Habasha. Malaman ekklisiya na farko sun cika littattafansu da ayoyinsa. Ba a taɓa yin sarki ko limami wanda ya iya tattara waɗannan duka daga ƙasashe masu gāba da juna ya sake su ba. Yawan shaidun da ya sa a ke ganin bambanci, shi ne kuma ya ke nuna inda asali ya ke.

Cikin 1865 Tishendof ya rubuta ɗan littafi a kan lokacin da aka rubuta Bisharu huɗu, ya kuma sauƙaƙe shi domin talakawa, aka juya shi cikin harsuna da yawa. A ciki ya kawo shaidar Iraniyus, wanda wajen shekara ta 180 ya riga ya san Bisharu huɗu ne, ba ƙari ba ragi. Iraniyus kuwa yana yaro ya saurari Folikaf, Folikaf kuma ya zauna gaban manzo Yohanna. Salsalar ba ta da tsawo.

Ƙarshen kwanakinsa

Cikin 1866 ya koma Roma wurin kundin fadar Paparoma, aka bar shi ya yi aiki a kansa sa'a 42 duka duka, ya buga Sabon Alkawalinsa cikin 1867. Cikin 1869 Sarkin Rasha ya ba shi sarauta. Babban aikinsa kuwa shi ne bugu na 8 na Sabon Alkawali na Helenanci, wanda ya fito kashi 2, cikin 1869 da 1872. A ƙarƙashin ko wace aya ya jera abin da ko wane kundi ya ce, domin mai karatu ya auna da kansa. Malamai sun ga ya jingina ga Kundin Sina'i fiye da kima, kamar uba da ɗansa, amma har yanzu ba su daina buɗe littafin nan ba, sabo da yawan shaidun da ya tara.

Ran 5 ga watan Mayu, 1873, ciwon shanyewar jiki ya buge shi, bai ƙara iya aiki ba. Ya rasu a Laifzig ran 7 ga watan Disamba, 1874, yana da shekara 59. Wani malami Ba'amurke mai suna Gregory ya ɗauki sauran aikin, ya gama shi cikin 1894.

Abin da ya biyo baya

Cikin 1933 gwamnatin Rasha ta lokacin, wadda ba ta yarda akwai Allah ba, ta sayar wa Ingila da kundin a kan fam 100,000. Talakawa da majami'u suka yi karo-karo suka tara fiye da rabin kuɗin. Cikin 1935 aka buga labarin wani ɗan guntun takarda da aka samo daga Masar, bai kai tafin hannu ba, yana ɗauke da kalmomi daga Yohanna sura 18, malamai kuwa suka sa shi cikin ƙarni na 2. Cikin 1947 makiyaya suka sami tuluna cikin kogo kusa da Tekun Gishiri, a ciki har da littafin Ishaya cikakke cikin Ibrananci, wanda ya girmi kundayen da a ke da su da shekara wajen 1,000, maganarsa kuwa ta yi daidai da tasu in ban da ƙananan bambance-bambance. Cikin 1975 sufayen Sina'i suna gyaran wani ɗaki a jikin ganuwa, suka sami waɗansu ganyaye na kundin nan nasu. Cikin 2009 aka haɗa hotunan dukan ganyayen da ke Landan, da Laifzig, da Rasha, da Sina'i, wuri ɗaya a intanet domin kowa ya duba. Kundayen Sabon Alkawali na Helenanci da aka sani yanzu sun fi 5,000.

'Yan'uwa, tsohuwar fata ba za ta iya tabbatar wa mutum cewa Littafin nan daga Allah ya ke ba. Bulus ya koya wa Timothawus cewa asalin Nassi numfashin Allah ne, Bitrus kuma ya ce Ruhu Mai Tsarki ne ya bi da mutanen da suka yi annabci. Wannan da bangaskiya a ke karɓarsa, Ruhun ne kuma ke shaida shi cikin zuciyar mai karatu. Abin da fatun nan su ke shaidawa shi ne, maganar da aka ba ekklisiya tun farko ba ta ɓace a hanya ba. An ƙone ta, an wanke ta an yi rubutu a kanta, an manta da ita cikin hamada, ga ta nan kuwa. Ita ce aka juya mana cikin Hausa, Sabon Alkawali cikin 1880, Littafi Mai Tsarki duka cikin 1932.

Sabo da haka idan maƙwabci ya tambaye ka ko an sake Linjila, kada ka yi fushi, kada kuma ka ji tsoro. Ka gaya masa labarin Kundin Sina'i da ladabi, da shekarunsa, da wuraren da ya bambanta, da wuraren da bai bambanta ba, gama gani ya kori ji. Sa'an nan ka duba naka gida. Mutumin nan ya hau raƙumi sau uku ya ƙetare hamada domin ganyaye kaɗan, ya kwana bai runtsa ba a gabansu. Namu yana nan cikakke cikin harshenmu, a kan kuɗi kaɗan. Mu sauko da shi daga inda muka ajiye, mu kaɗe ƙura, mu karanta wa 'ya'yanmu safe da yamma, mu kuma gode wa Allah wanda ya faɗi maganarsa, ya kuma tsare ta har ta iso gare mu.